Garin Neman Gira: Gargaɗi Kan Aidin da Ake Talla Don Maƙoƙo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara arba'in tana ɗauke da maƙoƙo. Tun ina yaro a Burkusuma na san ta da shi, ƙullutu biyu kamar ƙwan zabi a gindin wuya, tana rufe su da gefen mayafi in za ta fita unguwa. Bai hana ta daka ba, bai hana ta surfe ba, ta haifi 'ya'yanta ta aurar da su. Mata da yawa a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye haka suke, har wasu suka ɗauka gado ne, wasu kuma suna ɗora laifin a kan ruwan rijiya.

Bara da hunturu na je gaishe ta a Sabon Birni, inda take zaune a gidan ɗanta tun da zaman ƙauye ya gagara. Na same ta da sassafe a tsakar gida. Kowa ya duƙunƙune cikin bargo, ita kuwa zufa ce ke tsattsafo mata a goshi. Ta rame har ƙasusuwan kafaɗa sun fito, alhali surukarta ta ce ba ta taɓa ganin tana cin abinci kamar yanzu ba. Aka kawo fura, ta ɗauki ludayi, hannun ya kama karkarwa, furar na zuba mata a zane. Da na riƙe hannunta sai na ji jijiya na harbawa kamar ta wanda ya sha gudu. Mutanen gida sun riga sun yanke hukunci. Masu cewa firgicin gudun hijira ne na yi, masu cewa iska ce na yi, an yi hayaƙi, an yi tofi, barci dai ya ƙi zuwa.

Na ce, "Gwaggo, akwai wani magani da kike sha ne?"

Ta ce, "Babu, ɗan nan, sai dai wanga na maƙoƙo."

Ta jawo kwalla ta buɗe, ta ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, da murfin roba irin wanda ake matsawa ya ɗiga. Ta ce, "Ga mai lasifika na saye shi ran kasuwa. Ya ce ɗigo biyar cikin ruwa, safe da marece, kafin wata guda abin ya sace." Kwalba ta uku ke nan. A jikinta an rubuta Lugol, da lamba 5 da alamar kashi cikin ɗari. Ruwan aidin ne mai ƙarfi, wanda wani likitan Faransa mai suna Jean Lugol ya haɗa a 1829, kuma har yau likitoci na amfani da shi, amma na 'yan kwanaki, kafin tiyatar wuya, ƙarƙashin kulawarsu. Ɗigo ɗaya nasa yana ɗauke da kimanin miligiram 6 na aidin, abin da jikin babban mutum ke buƙata na kwana arba'in. Ɗigo goma gwaggo ke sha kullum, wato ninki ɗari huɗu na buƙatarta, wata biyu cur.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gane ba ita kaɗai ba ce. Kasuwar "ƙarin sinadaran jiki" ta bunƙasa a ƙasar Hausa fiye da yadda hukuma ke iya bi. Da mai mota da lasifika ran kasuwa, da mai tire a tasha, da matar da ke tallar kayan kamfani gida-gida don ta samu kamasho, da wanda ke aiko bidiyo ta WhatsApp da TikTok yana nuna hoton wuya kafin magani da bayan magani, duk sun gano cewa maƙoƙo kasuwa ce. Kuma haɗarinsu ya fi na mai ƙaryar banza, domin rabin maganarsu gaskiya ce. Da gaske ne rashin aidin na kawo maƙoƙo. A kan wannan gaskiyar suke ɗora ƙaryar da ke iya kashe mutum, wato cewa tunda rashinsa ne cuta, yawansa ne waraka.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Likitoci na ce mata tayirod. Aikinta ta tsamo aidin daga cikin jini ta ƙera wani sinadari da ke saita gudun jiki gaba ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, girman yaro, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. In aidin ya yi ƙaranci sai tsokar ta yi ta girma tana neman tsinto ɗan abin da ke akwai, kamar yadda mai kamun kifi ke faɗaɗa koma in ruwa ya yi ƙarancin kifi. Wannan girman shi ne maƙoƙo. Mata sun fi fama da shi, saboda kowane ciki da kowane goyo yana ƙara jan abin da ke jikinsu.

Amma nawa ne buƙatar? A nan ne mutane ke mamaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga babba, 90 ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida, 120 ga ɗan shekara shida zuwa sha biyu, sai 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya, miligiram dubu ke yin giram ɗaya. In ka tara abin da mutum zai buƙata tun daga haihuwa har ya kai shekara saba'in, bai cika giram huɗu ba, ƙaramin cokalin shayi ma ba zai cika ba. Abin da ba ya cika cokali a tsawon rai shi ake ɗura wa tsofaffi da kwalba-kwalba.

Ƙasarmu kuwa tana da dalilin ƙarancinsa. Taskar aidin teku ce, mu kuma tsakaninmu da teku tafiyar sama da kilomita dubu ce. Abin da ƙasa ba ta da shi, hatsin da ya tsiro a kanta ba zai samu ba, haka nonon saniyar da ta yi kiwo a kanta. Kifin gulbi ba ya kama ƙafar kifin teku wajen wannan sinadari. Sannan ga gero, abincinmu na safe da dare. Binciken da aka yi a Darfur, a yammacin Sudan, inda su ma gero ne cimarsu, ya nuna yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin sarrafa aidin. Rogon da ba a jiƙa sosai ba ma haka. Ba ina cewa a bar fura ba, Bagobiri da fura sai Allah. In aidin ya wadata a jiki geron ba ya yin komai, sai in an haɗa shi da rashi ne yake ƙara wa miki gishiri. Gishirin da kakanninmu suka sani kuma, wanda ayarin Buzaye ke saukowa da shi daga Bilma da Fachi ta Azbin, tsohuwar mazaunar Gobirawa, gishiri ne na sahara da babu wanda ya zuba masa aidin. Ga asalin maƙoƙon su gwaggo ke nan.

Maganin wannan rashi an daɗe da gano shi, kuma mai arha ne. Siwizalan ta fara zuba aidin a gishirin ci a 1922, jihar Mishigan ta Amurka ta bi a 1924. Najeriya ta wajabta shi a 1993, lokacin da binciken ƙasa ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba na da maƙoƙo. Dokar ta ce a zuba miligiram 50 a kowane kilo na gishiri a masana'anta, kada ya gaza 30 a shago. Da NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON suka matsa wa kamfanonin gishiri, musamman zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar NAFDAC, har Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka ba shaidar cewa gishirinta mai aidin ya game gidaje, a 2005. Lissafin mai sauƙi ne. Gishirin da ke da miligiram 30 na aidin a kilo, giram biyar nasa, wato ƙaramin cokali ɗaya, ya ba ka maikirogiram 150 daidai. Dunƙulen ɗanɗanon miya da aka yi da irin wannan gishiri shi ma yana ƙarawa. Shi ya sa za ka ga maƙoƙo a wuyan tsofaffinmu ya fi yawa nesa ba kusa ba a kan na 'yan matan da aka haifa bayan dokar. Kada kuma wani ya ce zai ƙara gishiri a miya don neman aidin, hawan jini na nan yana jira, giram biyar ɗin nan ita ce iyakar da aka shata wa babba a rana.

Sai dai wannan nasara tana da rauni a yankinmu, kuma ban ɓoye ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, har aka kai wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma hari a watan Satumba na 2021, dubban mutanenmu sun watse, wasu cikin garuruwa, wasu sun ƙetara zuwa ƙauyukan Gidan Runji a jihar Maraɗi. Ƙananan asibitocin ƙauye da yawa babu ma'aikaci. Wanda ya rasa gona da dabba ba ya zaɓen gishiri, abin da kuɗinsa ya kai shi yake saye: na awo a buɗaɗɗen daro, wanda ya sha rana da raɓa har sinadarin ya ragu, ko ma gishirin dabbobi da aka daka. Don haka ƙarancin na iya dawowa, musamman ga masu ciki. Wannan gurbi da malamin asibiti ya bari shi mai lasifika ya cike. Matar da ba ta da kuɗin mota zuwa Sakkwato, hanyar ma ba tabbas, in aka ce mata ga waraka a naira dubu biyu, wa zai ga laifinta? Laifin na wanda ya sayar ne, da mu da muka yi karatu muka yi shiru.

Ga abin da ke faruwa a jikin tsohuwa mai daɗaɗɗen maƙoƙo. Shekara da shekaru tsokar tana fama da yunwa, har wasu sassanta suka zama ƙulle-ƙulle masu cin gashin kansu, ba sa jin umarnin ƙwaƙwalwa in ta ce a dakata. Abin da ya hana su ɓarna a da shi ne babu kayan aiki. Ranar da aka kwararo musu aidin, sai su kama ƙera sinadari babu birki. Zuciya ta ɗauki gudu, jiki ya riƙa ƙona kansa, mutum na ci yana ramewa, zufa, karkarwa, gudawa, rashin barci, saurin fushi. Ga mai shekaru, bugun zuciya kan rikice ya daina tafiya daidai, daga nan sai kumburin ƙafa da haki, ko jini ya daskare ya haura kai ya zama shanyewar ɓarin jiki. Da yawa za a binne su a ce hawan jini ne ko ajali ya zo, ba wanda zai tuna da 'yar kwalbar da ke cikin kwalla.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. An gano aidin a Faransa a 1811, daga tokar ciyawar teku. A 1820 wani likita a birnin Janeba, Jean-François Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo shi, ya ga wuyan wasu na sacewa, gari ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo shi da kansa ya rubuta abin da ya gani a jikin waɗanda suka sha da yawa: faɗuwar gaba, karkarwa, rama, rashin barci. Alamomin gwaggona ke nan ɗaya bayan ɗaya, shekara ɗari biyu kafin ta buɗe kwalbarta. A nan Afirka ma an gani. A farkon shekarun 1990, da gishiri mai aidin fiye da kima ya shiga Zimbabuwe bayan doguwar yunwar sinadarin, asibitocin Harare suka ga masu wannan cuta sun ninka, akasarinsu manya masu tsohon maƙoƙo, wasu suka rasa rayukansu. A 1996 hukumomin duniya suka sauko da ma'aunin da suke ba da shawara zuwa miligiram 20 zuwa 40 a kilo. A dubi wannan da kyau. Ɗan kuskuren awo a gishiri, wanda ake lissafa shi da maikirogiram ɗari-ɗari, ya isa ya kwantar da mutane. To ina ga ɗigon da ke ɗauke da dubu shida?

Wani abin da masu talla ba za su faɗa ba, ko ba su sani ba, shi ne yawan aidin da kansa yana kawo maƙoƙo. An gan shi a gaɓar tekun Hokkaido ta Japan, inda masunta ke cin ciyawar teku da yawa, an kuma gan shi a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya, inda ruwan shansu ke ɗauke da aidin mai yawa. Kumburi iri ɗaya, dalili kishiyar juna. Ido ba ya bambance su, hannun mai kemis ma ba ya bambance su, sai gwajin asibiti.

Tsoron da ya fi hana ni barci kuwa na masu ciki ne. Su ne suka fi kowa buƙatar aidin, domin a watannin farko jariri ba shi da nasa sinadarin, na uwa yake sha, kuma da shi ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Rashinsa mai tsanani na kawo ɓari, da haihuwar yaron da zai taso gajere, kurma, mai raunin fahimta. Saboda haka mace mai ciki ta cancanci ƙari. Amma tayirod na da wata ɗabi'a: in aka antayo mata aidin da yawa lokaci guda sai ta rufe ƙofa, ta daina aiki. Ta babban mutum lafiyayye takan sake buɗewa bayan 'yan kwanaki. Ta jaririn da ke ciki ba ta iya wannan ba sai wajen mako na 36. Aidin kuma yana ratsa mahaifa, yana bi ta nono. A 2012 likitoci a Amurka suka wallafa labarin jarirai uku da aka haifa tayirod ɗinsu ba ta aiki yadda ya kamata, aka bincika aka tarar iyayensu mata na shan ƙwayar ƙarin aidin mai miligiram 12.5 kullum, ninki hamsin na abin da mai ciki ke buƙata. Waɗannan jarirai sun tsira ne domin a can ana ɗiban jinin diddigen kowane jariri a kwanakin farko a gwada. A Burkusuma wa zai gwada? Mafi yawan 'ya'yanmu a ɗaki ake haihuwarsu. Za a ga jariri mai yawan barci, ba ya kuka, ba ya kama nono sosai, a ce yaro ne mai haƙuri, sai ya shekara biyu bai zauna ba a fara neman masu magani, lokacin kuwa ɓarnar ta riga ta zauna a ƙwaƙwalwa.

Haka ma aidin na miki, wanda kowa ya sani, mai launin jan ƙasa da ake shafa wa rauni. Wannan na fata ne kawai, ba a sha, ba a ɗiga shi a ruwa, ba a kurkure maƙogwaro da shi a haɗiye. Kuma ungozoma ta ji: kada a riƙa shafa shi a cibiyar jariri kullum, fatarsa na tsotse shi ya shiga jini ya danne masa tayirod. Man cibiya da ma'aikatar lafiya ta amince da shi shi ne kulohezidin, ana samun sa a wurin awo.

To wanda yake da buƙata ta gaskiya, me zai duba? Abu na farko haruffa biyu ne ko uku da ke bayan lamba a jikin kwali. In ka ga mcg, ko µg, maikirogiram ke nan. In ka ga mg, miligiram ne, ya ninka wancan sau dubu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a kan harafin nan rai ke rataye. Ƙwayar da ta dace a ce 150 mcg. Wadda ta ce 12.5 mg, ko 25, ko 50, ajiye ta, kome daɗin bakin mai sayarwa. Masana a Amurka sun sa iyakar da babba lafiyayye zai iya jurewa a maikirogiram 1,100 a rana, na Turai suka tsaya a 600, ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka kuma ta yi kashedi kan shan duk wani ƙari da ya wuce 500 a rana ba tare da dalilin likita ba. Waɗannan iyakoki na masu lafiya ne. Mai tsohon maƙoƙo ƙasa da haka ma na iya tayar masa da cuta.

Sannan a duba wane iri ne. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne fotasiyam ayodaid, ana taƙaita shi da KI, ko ɗan'uwansa fotasiyam ayodet da ake zubawa a gishirinmu, saboda awonsu sananne ne, abin da aka rubuta kusan shi ke ciki. KI ɗin ne a cikin ƙwayar masu ciki mai haɗin sinadarai 15 da ake kira MMS, wadda aka fara rabawa a wuraren awon ciki a jihohi da dama: kowace ƙwaya na da maikirogiram 150 na aidin, tare da sinadarin ƙarin jini. Ɗaya a rana, a haɗa da gishirin miya, buƙatar mai ciki ta biya. Jan maganin ƙarin jini da aka saba bayarwa a awo shi babu aidin a cikinsa, don haka mace ta tambayi malamar asibiti wanne aka ba ta. Kuma kada ta haɗa biyu ko uku, na asibiti da na kemis da wanda ƙawa ta kawo daga Umara, tana ganin ƙarin lafiya ne.

Wanda na fi jin tsoro a cikin sababbin kayan shi ne na ciyawar teku da gansakukar teku, da ake tallarsu da sunan "na gargajiya ne, daga Allah, babu sinadarin Bature". Mutanenmu na da rauni a kan wannan kalma. Amma ciyawar teku ba ta da awo. Wani irin giram ɗaya nasa bai kai maikirogiram ashirin ba, wani irin giram ɗaya ya haura dubu biyu, ya danganta da irinta da ruwan da ta tsiro. Kwalba biyu masu suna ɗaya na iya bambanta nesa. A ƙarshen 2009 aka janye wata madarar waken soya mai suna Bonsoy daga kasuwannin Ostareliya, saboda an sa mata irin wannan ciyawa, ta jikkata tayirod ɗin mutane da yawa har da jarirai masu shan nono, ƙarar da aka shigar ta ƙare da biyan diyyar dalar Ostareliya miliyan 25. Can ke nan da ake da ɗakunan gwaji da lauyoyi. Mu in abin ya faru, mai lasifika ya riga ya naɗe tabarmarsa ya nufi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Lambar NAFDAC ma a fahimce ta: kayan da ba su da ita kada a kusance su, amma samunta a kan maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da ake faɗa, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Balle kuma akwai masu buga lambar bogi.

Ina kira ga masu kemis na Sabon Birni da Isa da Gatawa da Unguwar Lalle, ku da jama'a ke kira likita saboda babu wani: ku ji tsoron Allah, kada ku ba mai kumburin wuya aidin a kan zato. Maƙoƙon yaro ko budurwa, mai laushi, sabo, yakan sace in gishirin gida ya gyaru. Wanda ya shekara ashirin ya yi ƙulle-ƙulle ba ya narkewa da shan ƙarin aidin, in ya matsa wa numfashi galibi sai tiyata. Wani kumburin ma ba na rashin aidin ba ne sam, tsokar ce ke aiki fiye da kima tun asali, ka ga mai shi idanu sun firfito, irin wannan aidin man fetur ne a kan wuta. Wani kuma ciwon daji ne. Ƙullutun da ya yi tauri kamar dutse, ko yake girma da sauri, ko ya dusashe murya, ko ya hana haɗiya, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Gwajin jini da ake kira TSH da hoton wuya ana yin su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanzamai ma ina roƙonku, wuyan nan cike yake da jijiyoyin jini, ba wurin tsaga ko sakiya ba ne. Magidanta kuma, ku buɗe kwallayen iyayenku da matanku ku ga abin da suke sha. Ku saya musu gishirin leda da aka rubuta mai aidin ne, a zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu da damshi. Limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, sarakuna da shugabannin kasuwa su tambayi duk mai lasifikar da ya kafa mota a filinsu wa ya ba shi izinin ɗura wa mutane magani.

Gwaggo mun samu muka kai ta Sakkwato cikin ayarin motoci. Likitar da ta duba ta, tun kafin sakamakon jini ya fito, ta juya kwalbar a hannunta ta ce, "Mama, daga yau kin rabu da wannan." Aka ba ta maganin rage gudun zuciya da wanda ke danne aikin tsokar. Sai da aka yi wata uku kafin barci ya dawo, hannun ya daina karkarwa. Bugun zuciyar bai koma daidai ba har yanzu, tana kan magani, kuma likita ta ce mai yiwuwa har abada. Maƙoƙon yana nan yadda yake, ko ƙwayar gero bai ragu ba.

A hanyarmu ta dawowa ne ta tuna ta gaya mini cewa ta tsiyaya wa wata yarinya maƙwabciyarsu rabin kwalba ta biyu, amarya ce mai cikin fari da wuyanta ya ɗan tasa. Muna isa na aika surukar gwaggo ta shiga gidan. Aka ce mijin ya kwashe iyalinsa sun ƙetara Maraɗi sati uku da suka wuce, da kwalbar a cikin kayanta. Mun ba direbobin hanyar saƙo, mun ba masu zuwa cin kasuwa, har yau ba mu ji wanda ya same ta ba.